Yadda ake jure jiran girin kad ta hanyar aiki a Amurka

Duk wayar da muka yi da Hajiya a shekarun nan, tambayarta ta ƙarshe ɗaya ce: “To, takardun fa?” Ni kuma amsata ba ta canzawa: “Ana kai, Hajiya, a ci gaba da addu'a.” Na sauka Amurka a 2014 don digiri na biyu a injiniyancin lantarki, na samu bizar aiki ta H-1B a 2018, katin zama na dindindin kuwa, wato girin kad, sai ƙarshen 2024 ya iso akwatin wasiƙata a Houston. Wanda ya shiga wannan layi ba shi da ikon sa shi sauri. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya rasa wurinsa, kuma kada jiran ya cinye masa shekarunsa. A kan waɗannan biyu zan yi magana.

Fara da sanin ranarka. Kamfani ne ke soma neman izini a Ma'aikatar Ƙwadago, matakin da ake kira PERM, inda zai nuna ya tallata aikin bai samu ɗan ƙasa da ya dace ba. Ranar da aka shigar da wannan takarda ita ce ranar shigarka layi. Tawa ta faɗo a Oktoban 2022. Bayan nan sai fom ɗin I-140, wanda kamfani ke shigarwa dominka a hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, daga ƙarshe I-485, wanda shi ne neman katin kansa. Kuɗin lauya da na talla a matakin PERM a wuyan kamfani suke bisa doka, kada wani ya ce a cire daga albashinka.

Kuskurena na farko kunya ce. Shekara uku ina aiki ban buɗe baki na tambayi shugaban sashenmu yaushe za su fara min ba, ina ganin kamar rashin godiya ne. Abokan aikina 'yan Indiya kuwa tun ranar tattaunawar ɗaukar aiki suke sa maganar a gaba. Sun fi ni gaskiya. H-1B shekara shida ce, kuma dokar AC21 ta shekarar 2000 tana ba da damar tsawaita ta ne idan an shigar da PERM ko I-140 aƙalla kwana 365 da suka wuce, ko kuma an amince da I-140 amma layi bai iso kanka ba. Da na ƙara shekara guda ina nauyin baki, da na shiga tsaka mai wuya. Ka tambaya a rubuce, cikin ladabi, tun shekarar farko.

Sai ka fahimci abin da ya jawo layin, domin wanda bai gane ba gani yake an tsane shi ne. Dokar shige da fice ta 1990 ta ware kimanin biza 140,000 a shekara ga masu zuwa ta hanyar aiki, kuma mata da 'ya'ya a cikin adadin ake ƙirga su. Ba ƙasar da za ta wuce kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa 'yan Indiya da Sin suka fi kowa daɗewa. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba. Mu 'yan Najeriya da Nijar da Ghana muna rukunin sauran ƙasashen duniya, wanda a da ba a cika jira a cikinsa ba. Wannan ya sauya. Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawali kowane wata mai suna Visa Bulletin, kuma na watan Agustan 2023 ya mayar da rukunina na EB-3, ɗaya daga rukunan masu neman kati ta hanyar aiki, baya har zuwa Mayun 2020, wato sai wanda ranar layinsa ta gabaci wannan ne za a ba kati. Ina cikin mota a wurin ajiye motoci na ofis na gani a waya. Na fi minti ashirin zaune, hannuna a kan sitiyari, ban tayar da motar ba.

Ga abin da na so a ce wani ya gaya min a ranar. Shekarar kuɗi ta gwamnatin Amurka tana farawa 1 ga Oktoba, don haka a watannin da ke gab da Oktoba bizar shekara ta kusa ƙarewa, sai a ja ranaku baya, in sabuwar shekara ta shiga a sake turo su gaba. Jadawalin kuma gida biyu ne: ɗaya na ranar yanke hukunci, ɗaya na ranar shigar da takardu, USCIS kuma tana sanar da wanda za a bi a kowane wata. Ta na biyun na shigar da I-485 a Oktoban 2023. Duba jadawalin sau ɗaya in ya fito, ka rufe. Na yi watanni ina buɗe shafin bibiyar takarduna kafin sallar asuba da bayanta, har maiɗakina ta ce, “Baban Amira, wayar nan ba ita za ta buga katin ba.” Daga nan na mayar da shi ranar Juma'a kaɗai.

Inda mu Hausawa muka fi tuntuɓe shi ne takardun gida, kuma lokacin jira shi ne lokacin gyara su. Lauyarmu ta baje nawa a tebur ta ce mutum uku take gani. Takardar firamare ta ce Muhammadu, fasfo ya ce Mohammed, shaidar sakandare kuma ta liƙa min sunan garinmu a matsayin sunan mahaifi. An haife ni kafin 1992, ba ni da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, sai da ƙanena ya yi mako uku yana zirga-zirga a Kano kafin ya haɗa takardar tabbatar da haihuwa da rantsuwar kotu da kawunmu ya yi. Aurenmu ma a zaure aka ɗaura shi, sadaki da shaidu da goro, ba wanda ya yi tunanin takarda. Duk wannan ka nema tun layi bai iso ba, abin da ke cikin Hausa ko Larabci ko Faransanci a fassara shi da shaidar mai fassara. Idan ƙofa ta buɗe, wani lokaci wata guda kawai take yi a buɗe.

Ka riƙe kwafin amincewar I-140 a hannunka, ko aƙalla lambar rasit ɗinta, kada ka bar ta wurin kamfani kaɗai. In an sallame ka daga aiki, kwana 60 ne mafi yawa kake da su ka samu wani kamfani ya ɗauki bizarka. Ranar layinka tana bin ka zuwa sabon wuri muddin an amince da I-140, ko da za a sake PERM daga farko. In kuma I-485 ta yi kwana 180 a hannun hukuma, kana iya komawa wani aiki irin naka ko makamancinsa. Ni na ajiye kuɗin haya da cefane na wata shida a asusu daban, na kuma faɗa wa 'yan gida gaskiya cewa aiken wata zai ragu na ɗan lokaci. Ba su ji daɗi ba, amma sun gane. In ka sauya gida, ka sanar da USCIS cikin kwana 10 da fom ɗin AR-11. Mai ɗa ko 'ya da aka haifa a gida kuma sun doshi shekara 21, ya zauna da lauya tun yanzu a yi lissafin dokar CSPA, wadda ke tsara yadda ake ƙirga shekarun yaro a wannan layi, don yaro yana iya fita daga takardun iyayensa.

Tafiya gida ita ce mai ciwo. Wanda ya shigar da I-485 ya fita ba tare da takardar izinin dawowa ba, kuma ba shi da H-1B mai rai, ana ɗauka ya yi watsi da nemansa. In tambarin bizar fasfonka ya ƙare, sai ka samu ranar ganawa a Abuja ko Legas kafin ka dawo, ga kuma dokoki da ke juyawa ba sallama, kamar yadda aka taƙaita wa 'yan Najeriya bizar ƙaura a 2020 aka ɗage a 2021. Ka tambayi lauya kafin ka sayi tikiti, kowace tafiya. Bikin autarmu ta waya na kalla, ƙanena yana zagayawa da ita tsakanin 'yan'uwa, kowa na cewa “Yaya, saura kai.” Wannan ba ni da maganinsa.

Sauran abubuwa kuwa na daina ɗaga su. Shekaru muna zaune da kujerun da wani ɗalibi ya bar mana, muna cewa sai kati ya fito. Bayan Agustan nan na 2023 muka sayi namu, muka sa Amira a islamiyyar Asabar da Lahadi, maiɗakina ta nemi izinin aiki da ake ba matan masu H-1B da aka amince da I-140 ɗinsu, ta koma aikin haɗa magunguna da ta karanta a Zariya. Muka kuma haɗu mu biyar masu jira, Bahaushen Maraɗi ɗaya, Bayarabe ɗaya, 'yan Kumasi biyu da ni, muna shan shayi ranar Lahadin farkon wata. Sharaɗinmu minti goma ne na maganar takardu, daga nan sai ƙwallo da labarin gida. Uku daga cikinmu sun samu, biyu suna jira, kuma har yanzu gidana ake dafa shayin.