Yadda sabon mai tara sulalla zai zaɓi takardar shaida kafin ya aika kwandalarsa a tantance

Duk kwandalar da ta dawo daga kamfanin tantance sulalla tana dawowa ne a kulle cikin gidan roba mai garai-garai, a samansa kuma akwai 'yar takardar shaida mai ɗauke da sunan ƙasa, shekarar bugu, darajar da masu dubawa suka ba ta, da lambar rajista wadda kowa zai iya bincika a shafin kamfanin. Manyan kamfanonin da ake aika wa guda biyu ne, dukansu a Amurka: PCGS da aka kafa a 1986 a jihar Kalifoniya, da NGC da aka kafa a 1987, wanda hedikwatarsa take Sarasota a jihar Fulorida. Dukansu suna aiki da ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, wanda ya tashi daga 1 zuwa 70. Lokacin cike fom ɗin aikawa ne sabon shiga yake karo da zaɓin takardu iri-iri, wasu da ƙarin kuɗi, kuma a nan mutane da yawa suke kashe abin da ba zai dawo ba.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne launin takarda ko adonta ba ya ƙara wa kwandala maki ko ɗaya. Wadda aka ba MS69, wato maki 69 na kwandalar da ba a taɓa kashewa ba, tana nan a MS69 ko an yi mata takarda mai tutar Amurka, ko an bar ta da takardar yau da kullum, wato mai ruwan ƙasa a NGC da shuɗiya a PCGS. Saboda haka, idan kwandalar tsohuwa ce, takardar yau da kullum ta wadatar. Wanda ya gaji anini ko kwabo mai huji na Afirka ta Yamma ta zamanin Turawa, misali kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, abin da yake bukata kawai shi ne ya rubuta ƙasa da shekara daidai, ya kuma duba ko akwai harafin ma'aikatar bugu, H na Heaton ko KN na King's Norton, domin wannan harafi yana shiga takardar, kuma a wasu shekarun yana bambanta farashi.

Inda zaɓin ya fi yawa shi ne sababbin sulallan da hukumar buga kuɗi ta Amurka take fitarwa kowace shekara, musamman American Silver Eagle, dalar azurfa da aka fara bugawa a 1986. PCGS yana da laƙabin First Strike, wato bugun farko, NGC kuma yana da Early Releases da First Releases, kuma sharaɗinsu kusan ɗaya ne: kwandalar ta isa hannun kamfanin cikin kwana 30 na farko bayan an fara sayar da ita. Laƙabin First Day of Issue ya fi tsanani, domin yana nufin ranar farko ta sayarwa, kuma galibi manyan dillalai ne suke iya cika wannan sharaɗi. Sai dai sunan First Strike yana iya ruɗin mutum, domin ba ya tabbatar da cewa kwandalar tana cikin waɗanda injin ya fara bugawa; hukumar buga kuɗin da kanta ta bayyana cewa ba ta ajiye lissafin wadda aka riga bugawa, kuma takan buga da yawa ta tara tun kafin ranar sayarwa. Abin da laƙabin yake shaidawa shi ne lokacin isowa. A ganina, wanda yake da niyyar sayarwa nan kusa, kuma ya duba kasuwa ya ga masu saye suna biyan ƙarin da ya zarce kuɗin laƙabin, shi ne yake da dalilin nemansa. Mai ajiye wa kansa zai iya barinsa ba tare da ya rasa komai ba.

Idan an yanke shawarar nemansa, a duba ranar rufewa da kamfanin yake wallafa wa kowace kwandala, a kuma lissafa kwanakin da kaya za su yi a hanya, wanda ga mai aikawa daga wata nahiya ba ƙaramin lissafi ba ne. Akwai sassauci guda a PCGS: idan kwalin da hukumar buga kuɗin ta aiko yana nan a rufe, ba a taɓa buɗe shi ba, kuma ranar da ke jikinsa tana cikin wa'adin, ana karɓarsa ko bayan kwanakin sun wuce. Da zarar an yage shi don a leƙa, wannan dama ta tafi.

Takardu masu sa hannun shahararrun mutane, irin su John Mercanti wanda ya zana bayan Silver Eagle na asali, yawanci yarjejeniya ce tsakanin kamfanin da wasu dillalai masu aika sulalla da yawa a lokaci guda, don haka mai kwandala biyu ko uku da wuya ya same su a fom ɗinsa.

Ƙarin kuɗin da ya fi cancanta a biya shi ne na tabbatar da nau'i na musamman, domin shi yana magana ne a kan ƙarfen kansa. Kwabon Amurka mai hoton Lincoln na 1955 wanda rubutunsa ya fito biyu-biyu saboda kuskuren hatimin bugu ya ninka ɗan'uwansa na yau da kullum daraja nesa ba kusa ba, haka kuma wasu dalolin Morgan, tsofaffin dalolin azurfa na Amurka, da aka jera a ƙarƙashin lambobin VAM masu bambance nau'o'insu. NGC yana kiran wannan hidima VarietyPlus. Ƙananan nau'o'i da yawa ba a rubuta su a takarda sai an nema an biya, saboda haka a ɗauki gilashin ƙara girma, a gwada kwandalar da hotunan da ke shafin kamfanin, a kuma tabbatar cewa kamfanin yana amincewa da wannan nau'in kafin a rubuta shi a fom. Alamomin da suka shafi kamannin ƙarfe, kamar RD (ja), RB (ja da ruwan ƙasa) da BN (ruwan ƙasa) na launin tagulla, masu dubawa ne suke sa su da kansu gwargwadon abin da suka gani.

Akwai kuma takardar da ba a zaɓenta, sai dai ta faɗo wa mutum. Kwandalar da aka goge da toka, ko lemun tsami, ko man goge ƙarfe, za ta dawo da kalmar Details a jiki tare da bayanin aibinta, ba tare da maki ba, kuma farashinta yakan faɗi ƙwarai. Don haka a bar ta da duhunta, a riƙe ta ta gefe, a sa kowace ɗaya a 'yar jakar roba marar sinadarin PVC, sannan a rubuta kimar gaskiya a fom, domin wannan kimar ce take tsayar da rukunin kuɗin aiki da kuma inshorar dawowa.