Kafin ka ɗora rumbun bayanan kasuwancinka a kan sabar

Ɗan'uwa, manhajar rumbun bayanai za ka fara zaɓa, sannan tsarin da sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe rumbun, za ta yi aiki da shi. Duba shafin masu manhajar, ka ga tsarin da suka amince da shi.

In PostgreSQL ne, ko MySQL ko MariaDB, ɗauki tsarin Linux irin Debian ko Ubuntu Server mai alamar LTS, wato mai tallafi na dogon lokaci. Babu kuɗin lasisi ko sisi.

Kada ka raina LTS ɗin nan. Duk shekara biyu Ubuntu ke fitar da shi, a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, kuma yana samun gyaran tsaro kyauta har shekara biyar. Marasa LTS irin su 24.10 kuwa wata tara kacal. Shekara ba za ta zagayo ba sai ka koma girka sabo, ciniki ya tsaya. CentOS 7, wani nau'in Linux, shi ma ka bar shi, an daina kula da shi tun 30 ga Yuni 2024.

Wajen girkawa, ware wa /var/lib/postgresql, inda PostgreSQL ke ajiye bayanai, nasa ɓangaren faifai, don kada wasu fayiloli su cika wurin, rumbun ya kasa rubutu.

Amma shawarar nan ba ta ko'ina ba ce. Kamfanin Oracle ba ya tallafa wa rumbunsa na Oracle Database a kan Ubuntu, sai ka nufi Oracle Linux ko Red Hat. In kuma manhajar lissafinku Windows kaɗai ta sani, sayi Windows Server, ka sa kuɗin lasisi cikin kasafi tun farko. Haka ma in mai kula muku da sabar bai iya Linux ba.