Yadda za ka ɗora Prometheus a Kubernetes ka kuma cire shi

'Yan uwa masu aikin sabar nan Jidda, Prometheus manhaja ce ta sa ido kan lafiyar sabar, Kubernetes kuma tsari ne da ke tafiyar da manhajoji a kan rukunin kwamfutoci da ake kira kulasta. Da farko ka tabbata Helm (abin da ake ɗora manhajoji a Kubernetes da shi) na kwamfutarka kuma kubectl (abin da ake ba Kubernetes umarni da shi) na ganin kulastarka. Ka ƙara ma'ajiyar prometheus-community a Helm, sai ka buga helm install sa-ido prometheus-community/kube-prometheus-stack -n monitoring --create-namespace, wannan kaɗai zai kawo maka Prometheus da Grafana (mai nuna bayanan a jadawali) da Alertmanager (mai turo saƙon gargaɗi) lokaci guda. Ka jira pods, wato ƙananan sassan da manhajojin ke gudana a ciki, su nuna Running.

Don Allah ka saita Alertmanager ya riƙa turo saƙo ta imel ko Telegram, in ba haka ba abu zai faɗi ranar Juma'a kowa na hutu ba wanda ya sani.

Cirewa kuma helm uninstall sa-ido -n monitoring. Amma fa CRD, wato sabbin nau'ikan abubuwa da ɗorawar ta ƙara wa Kubernetes, ba sa tafiya, masu ƙarewa da monitoring.coreos.com sai ka bi su da kubectl delete crd.