Yadda Za Ka Tsare Antibairos Daga Masu Cusa Mata Baƙon Umarni

Masu shagon kwamfuta da yawa a Bauchi, tun daga kewayen kasuwar Wunti har zuwa Yalwa inda ɗalibai ke kai takardunsu a buga musu, da zarar sun ga alamar antibairos ta yi kore sai hankalinsu ya kwanta. Alhali wannan manhaja tana aiki ne da iko mai girma a cikin Windows, don haka duk wanda ya samu ya cusa umarninsa a cikinta, to maigadin gidan ne ya koma yi masa aiki.

A shekarar 2017 kamfanin Cybellum na Isra'ila ya nuna wata dabara da ya kira DoubleAgent, wadda ta yi amfani da Application Verifier, kayan gwajin manhajoji na Microsoft, wajen sa antibairos ta ɗora fayil ɗin DLL (wato fayil mai ɗauke da umarnin da manhaja ke aiwatarwa) na maharin tun tana tashi, kafin garkuwarta ta kankama. Antibairos irin su Avast da AVG da Kaspersky da McAfee da Norton duk suna cikin waɗanda abin ya taɓa. Sai dai dabarar ba ta yiwuwa sai maharin ya samu ikon admin, wato cikakken ikon sarrafa kwamfutar, kuma a ganina nan ne ya kamata mai shago ya fi ba da ƙarfi.

Ka buɗe asusu na biyu marar ikon admin, a riƙa aikin yau da kullum a kansa, musamman a kwamfutar da kowane ɗalibi ke zuwa ya soka filashinsa. Kalmar sirrin admin ta tsaya a hannunka kai kaɗai, kada ka rubuta ta a takarda ka manna a jikin allon kwamfutar kamar yadda ake yi a wasu shaguna.

Bayan haka ka shiga Windows Security, ka tabbatar Tamper Protection, wanda ke hana a sauya saitin tsaron Windows, a kunne yake. Ka bar antibairos ta sabunta kanta gaba ɗaya ko da data za ta ci, domin gyaran irin wannan ɓaraka a sabon fitin manhajar yake zuwa. Wadda aka fasa aka ɗora maka ba lasisi kuwa, cire ta ya fi alheri. Kariyar da ke hana taɓa ayyukan antibairos ta fara ne daga Windows 8.1, saboda haka mai Windows 7 ba shi da ita, kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020.

In kana zargin an riga an shigo, ka buɗe regedit, manhajar duba ma'ajiyar saitunan Windows, ka nemi Image File Execution Options. Idan ka tarar da VerifierDlls a ƙarƙashin sunan fayil ɗin antibairos ɗinka alhali ba kai ka saka ba, ka zare kwamfutar daga intanet, ka kwashe takardun mutane zuwa wani wuri, sannan ka sake ɗora Windows daga tushe.