Kurakuran da aka fi yi wajen duba tsagewar ƙashi da sikanin

Tsagewar da nake magana ba ta faɗuwa ko haɗari ba ce, ita ce wadda ƙashi ke yi a hankali saboda wahalar yau da gobe, irin ta 'yan gudu da 'yan ƙwallo da sabbin sojoji masu fareti, tun 1855 wani likitan sojan Farushiya, tsohuwar daula a ƙasar Jamus, mai suna Breithaupt ya bayyana ta a ƙafafun sojoji. An fi ganinta a ƙwauri da dogayen ƙasusuwan tsakiyar ƙafa, musamman na biyu da na uku. Eksire yawanci ba ya nuna komai a sati 2 zuwa 3 na farko, shi ya sa ake komawa sikanin, wato irin na'urar da ake duba masu ciki da ita.

Kuskuren farko shi ne purob, wato kan na'urar da ake ɗorawa a jikin mutum. Sai ka ga an ɗauko mai lanƙwasa na duba masu ciki an ɗora a ƙwauri, wannan don zurfi aka yi shi. Miƙaƙƙen purob mai firikwansi (saurin kaɗawar sauti) sama da megahaz 10 ake so, shi ke nuna abin da ke kusa da fata sosai. Sannan a tambayi mara lafiya ya nuna wurin da yatsa ɗaya, a duba nan a tsaye da kwance, a kuma duba ɗayar ƙafar a gwada, mutane na ƙyuyar wannan alhali minti biyu ne.

Wasu kuma layin tsagewa kawai suke nema, in babu shi ke nan. Ai da fari abin da ake gani shi ne fatar ƙashin ta yi kauri ko ta ɗago, naman gefe ya kumbura, in aka kunna dofla, mai nuna gudun jini, a ga jini ya ƙaru a wurin, amma kar a danna purob da ƙarfi don alamar jinin sai ta ɓace. A yara kuma wurin girman ƙashi kama yake da karaya sak, haka ma 'yar ƙofar da jijiyar jini ke shiga ƙashi.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a rubuta "lafiya lau" a sallami mutum, gobe ya koma fili ko ya tafi wajen mai ɗori a ce targaɗe ne a yi ta murza. Sikanin saman ƙashi kawai yake gani, ba ya shiga ciki, kumburin ɓargo sai MRI, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu. In ciwon a matsematsi yake, ko gaban ƙwauri, ko ƙashin nabikula a saman ƙafa, a hana shi takawa a tura shi MRI ko da sikanin bai nuna komai ba, don ciwon matsematsi na iya zama daga wuyan ƙashin cinya, wanda in ya ƙarasa karyewa ya goce sai tiyata.