Yadda ake rataya katin gargaɗi a kwamfireso kafin a taɓa shi

Toh jama'a, masu aiki a masana'anta da ke da kwamfireso, wato injin matsa iska, don Allah ku kula da wannan. Kashe injin ba ya nufin iskar ta fita, tankin na iya riƙe matsi ko da an ɗauke wuta.

Da farko ka sanar da abokan aiki cewa za ka tsayar da injin, sai ka kashe shi daga babban makunni ka sa kwaɗonka a wajen, makullin kuma ya zauna a aljihunka.

Sai ka rufe bawul ɗin da ke kai iska layi, ka buɗe na sacewa a hankali, fuskarka a gefe, har allurar geji ta sauka kan sifili. Kada ka yarda da geji kaɗai fa, wani lokaci allurar maƙalewa take yi, ka bar bawul ɗin a buɗe har ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya.

Yanzu katin. Ja na haɗarin da ke iya kisa ne, ruwan lemo gargaɗi, rawaya kuma a yi hattara. Ka rubuta sunanka da kwanan wata da dalili da alƙalamin maka mara gogewa, ka ɗaure shi a jikin makunnin da bawul ɗin da igiyar roba mai ƙarfi, a Amurka ma dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, cewa ta yi maɗaurin ya jure nauyin fam 50.

Sannan ka danna kunnawa ka tabbatar bai tashi ba. In an gama gyara, wanda ya rataya katin shi ne zai cire, ba wani ba.