Yadda Ake Kai Ziyara Gidan Ɗan Hausa a Kano

Da yawa daga cikin mutanen Kano sun san sunan Gidan Ɗan Hausa, amma ba su taɓa leƙa zaurensa ba. Gidan tarihi ne da ke unguwar Nassarawa, kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke kula da shi. Ga yadda za ka je ka amfana.

Da farko ka san gidan wane za ka shiga. Ɗan Hausa laƙabi ne da aka yi wa Hanns Vischer, Bature haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876, saboda yadda Hausa ta zauna a bakinsa. Da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan, daga baya ya koma aikin gwamnatin mulkin mallaka. A 1906 ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Borno tare da ayari. A 1909 kuma ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, inda aka riƙa koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna da harshen Hausa. Yana cikin waɗanda suka tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko. Ya rasu a 1945. Idan ka riƙe wannan a ka, abin da za a nuna maka ba zai zame maka tarkace ba.

Sai zaɓen rana. Ma'aikata ce ta gwamnati, don haka ka je ranar aiki, da hantsi. Ka kauce wa Juma'a, don kafin ka yi nisa hankalin kowa ya koma masallaci. Ɗan adaidaita sahu in ka ce masa Gidan Ɗan Hausa ya yi turus, ce masa Nassarawa, a can sai ku yi tambaya. Ka riƙe 'yan canji a aljihu. Malamin da zai kai ɗalibai ya fara aika wa hukumar takarda, a tsayar da rana.

Da ka isa, yi sallama, ka gabatar da kanka, ka nemi a haɗa ka da mai zagayawa da baƙi. Kada ka ce kai kaɗai za ka zaga. Kafin ka zaro waya ka tambaya ko an yarda a ɗauki hoto, kuma kada ka taɓa kayan da aka ajiye.

A ganina, a nan ne masu ziyara suka fi yin asara: sai su wuce kai tsaye wurin tsofaffin kayayyaki da hotuna, alhali ginin kansa shi ne babban abin kallo. Tsaya daga waje tukuna. Dubi zankwayen da ke saman soro da zanen da magina suka yi wa bango. In ka shiga, lura da kaurin bango, ka ji yadda ɗaki yake da sanyi ko da rana ta take. Ɗaga kai ka ga yadda aka jera azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, da yadda baka, wato lanƙwasassun ginshiƙan nan, ke ɗauke da nauyin rufi babu ƙarfe babu siminti. Tambayi mai zagayawar yadda ake yin tubali, da amfanin makuba a jikin yaɓe, da yadda suke gyaran ginin bayan damina. Ginin ƙasa in aka yi sake da shi damina biyu, sai labari.

Ka kuma yi tambayoyin da ba su da daɗin ji. Turawa sun ci Kano a 1903, makarantar ta zo bayan shekara shida kacal. Me ya sa iyaye suka yi ɗari-ɗari da ita? Wa aka yi wa tanadin karatun, talaka ko ma'aikatan da En'e, wato hukumar gargajiya, ke bukata? Yaya ajami ya ƙare da boko ta samu gindin zama?

Mai bincike ya nemi ganin jami'an hukumar da takardar makarantarsa a hannu, ya faɗi takamaiman abin da yake nema.

In da sauran lokaci, wuce cikin birni zuwa Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, wanda tarihinsa ke komawa zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Shi yana hannun hukumar gidajen tarihi ta tarayya ne, don haka tsarin shigarsa daban.